Daga Sabo zuwa Iseyin: abin da baƙo zai iya koya na saƙar ashoke da zaren tsamiya

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Ibadan ko Legas ko Shagamu ya san yadda ranar Asabar take. Ranar biki ce. Mata su fito da gwaggwaro kamar za su tashi sama, maza kuma da manyan riguna masu nauyi, an karya hula gefe guda. Wannan yadi mai kauri da ake saƙawa da hannu shi ne ashoke, kuma yanzu ya daɗe da shiga gidajenmu, don da wuya a yi kamu ko walimar aure a Agege ko Idi-Araba ba ka ga amarya da shi a ka ba. Muna saye, muna yabawa, muna kukan tsadarsa. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa mafi daraja a cikin wannan yadi yana da tsohuwar alaƙa da Arewa, kuma garin da ya fi shahara da saƙarsa yana nan kusa da mu, tafiyar safe ɗaya daga Sabon Ibadan.

Dalilin wannan rubutu shi ne tambayar da wasu matasanmu suka riƙa yi tun bayan da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022: shin mutum baƙo, wanda ba ɗan gidan masaƙa ba, zai iya zuwa ya koyi wannan sana'a? Amsar ita ce e, zai iya koyon saƙar. Amma zaren da ya ɗaukaka saƙar tun asali, shi kam labarinsa daban ne, kuma gara mutum ya san bambancin kafin ya ɗaure jakarsa.

Yarbawa suna da ashoke iri uku da suka ɗauka su ne na asali. Akwai etu, wanda aka rina da baba har ya yi kusan baƙi, da ɗigo-ɗigon fari siriri a jiki. Ma'anar kalmar a bakinsu ita ce zabo, kuma duk wanda ya taɓa ganin rigar saƙi a jikin wani dattijo a Kano ko Zariya ya san irinsa. Akwai alaari, ja mai ɗaukar ido. Ka maimaita sunan a hankali za ka ji alharini a ciki, kuma daga nan ya fito. A ƙarni na 19 fatake suna kawo ragowar siliki na masaƙun Turai, wanda aka rina ja, ta Tarabulus da Gadamas su ratso Sahara da shi zuwa Kano. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ga wannan haja a kasuwa ya rubuta labarinta. Daga Kano ne yake gangarowa ƙasar Nufe da Ilori har ya iso hannun masaƙan Yarbawa, da sunansa da komai.

Na uku shi ne sanyan, wanda suke yi wa kirari da uban tufafi. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar madarar da aka zuba wa shayi kaɗan, sau da yawa da farin layi a tsakiya. Ba rini ba ne, haka zaren yake fitowa. Wannan zare shi ne kakanninmu suke kira tsamiya, wanda ake saƙa rigar tsamiya da shi, ake kuma yin aikin aska takwas da aska biyu da shi a wuyan manyan riguna.

Tsutsar da ke saƙa gidanta

Mutane da yawa idan suka ji an ce zaren tsamiya sai su zaci daga jikin itacen ake samunsa, kamar yadda ake samun rama. A'a. Wata tsutsa ce mai gashi-gashi, 'yar wani malam-buɗe-littafi na dare da masana ke kira Anaphe. A Arewa tana cin ganyen tsamiya, shi ya sa sunan ya bi ta, wata kuma tana cin ganyen doka, ana ce mata tsamiyar doka. A dazukan Kudu ma akwai danginta a kan wasu itatuwan. Har akwai wata iri da Turawa suka laƙaba wa sunan Alfred Moloney, wanda ya yi gwamnan Legas daga 1886 zuwa 1891.

Abin mamakin wannan tsutsa shi ne zaman tare. Tsutsar silikin ƙasar Sin, wadda ake kiwo a gida ana ba ta ganyen wani itace na musamman, kowace ɗaya ita kaɗai take naɗe kanta a ɗan ƙwanso kamar ƙwan kurciya. Idan aka jefa ƙwanson a ruwan zafi aka kamo bakin zaren, sai a yi ta warwarewa, zare ɗaya tal mai tsawon ɗaruruwan mita ba tare da ya tsinke ba. Shi ya sa silikin Sin yake da santsi da sheƙi. Tamu kuwa ta daji ce, ba mai kiwonta. Idan suka ƙoshi da ganye wajen ƙarshen damina sai su taru, wani lokaci har ɗaruruwa, su saƙa babbar jaka guda a jikin reshe ko kututture, sannan kowace ta yi nata ɗan ɗaki a ciki. Zaren ya cuɗe da juna, ba yadda za a yi a warware shi tiryan-tiryan. Dole sai an bi da shi yadda ake bi da auduga, wato a kaɗa shi da mazari.

Daga nan ne wahalar take farawa. Mafarauta da makiyaya da manoma su ne suke tsinto jakunkunan a daji su kawo kasuwa. Bayan jakar cike yake da gashin tsutsar, kuma gashin nan yana da ƙaiƙayi mai tsanani, wanda bai sani ba ya damƙa da hannu zai kwana yana susa. Sai a farke jakar a zazzage abin da ke ciki, a zuba ta a tukunya da ruwan toka a yi ta dafawa na sa'o'i masu yawa, saboda akwai wani danƙo da ya manne zaren wuri guda, kuma ruwan tokar ne yake narkar da shi. Idan wuta ta yi kaɗan zaren ya fito da tauri kamar soso, idan ta yi yawa ya ruɓe ya riƙa tsinkewa. Babu agogo a wannan aiki, tsohuwar da ta saba da yatsa take murzawa ta gane ya yi. Bayan an wanke an shanya, sai a zauna a yi ta tsefe shi da hannu har ya yi laushi kamar sutu, sannan a ɗauko mazari da alli a fara kaɗi. Zaren da zai fito ba zai taɓa zama sumul ba, yana da 'yan ƙulle-ƙulle, kuma ba ya son shan rini. Waɗannan abubuwa biyu da wani zai ɗauka aibi ne, su ne shaidar na gaske.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafi lafiya. A wasu sassan ƙasar Yarbawa, musamman wajen Ilesha, ana soya irin wannan tsutsa ana ci da damina. Likitoci sun gano cewa tana ɗauke da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jiki, shi ne yake jawo wata cutar karkarwa da tangaɗi da ke zuwa a wannan lokaci na shekara. To, wanda ya je neman zare aka miƙo masa soyayye a faranti, ya san abin da zai ce.

Akwai kuma tambayar da na san wasu masu karatu sun riga sun yi a zuci: ai an hana maza sa alharini. Haka ne, hanin ya tabbata, tare da rangwamen abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Game da yadin da aka gauraya siliki da auduga kuwa, malamai sun yi bayanai mabambanta, kuma yawancin rigunan tsamiya da sanyan gauraye ne. Wannan ba fagena ba ne, mai son ɗinkawa ya tambayi malaminsa. Saƙawa da sayar wa mata dai ba a nan matsalar take ba.

A gindin masaƙa

Iseyin tana yankin Oke Ogun na jihar Oyo, sarkinta ana ce masa Aseyin. Daga Ibadan ta Moniya ake bi, kuma tun da aka sake gina wannan hanya mai kilomita 65 aka buɗe ta a 2021 tafiyar ta yi sauƙi sosai a kan da. Ba sai ka tambayi inda masaƙa suke ba. Ka shiga cikin tsofaffin unguwanni kawai za ka fara jin ƙaf-ƙaf-ƙaf daga ƙarƙashin rumfuna, ka ga zare kala-kala an miƙe shi a fili yana tafiya nesa kamar igiyar shanya.

Bahaushen da ya tashi a garin da ake saƙa zai ji kamar ya dawo gida, don kayan aikin iri ɗaya ne da namu. Masaƙi yana zaune, zaren tsaye ya taso daga can nesa inda aka ɗaure shi a jikin wani katako da aka ɗora wa dutse, abin da masaƙanmu ke kira kunkuru. Yana saƙa yana naɗe abin da ya saƙa a sanda a gaban cikinsa, kunkurun yana jan ciki yana matsowa a hankali. Ƙafafunsa biyu suna taka igiyoyin da ke ɗaga rabin zaren su sauke rabi, hannu yana jefa ƙoshiya da kwarkwaron zare a cikinta ta ratsa tsakani, ɗaya hannun ya cafe, sannan ya jawo matsefin ya buga zaren ya zauna. Taka, jefa, buga. Abin da ke fitowa ɗan siririn ƙyalle ne mai faɗin kamar inci huɗu, sai an jera fiye da goma an ɗinke gefe da gefe kafin a sami zanin mace ɗaya. Babbar riga kuwa ba a magana.

Da na ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana yi yana hira da abokinsa, ko kallon hannunsa ba ya yi, sai na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Dattijon da ke da rumfar ya tashe shi ya ce in zauna. Ƙoshiyar farko da na jefa ta wuce ta faɗi cikin ƙasa. Ta biyu ta maƙale a tsakiya. Da na samu ta fara wucewa, sai ga gefen ƙyallen yana shiga yana fita kamar hanyar maciji, don wani jifan na ja zaren da ƙarfi, wani na sake shi. Na ce, "Baba, hannuna ne ya ƙi." Ya yi dariya ya ce da 'yar Hausarsa, "Malam, ba hannu ba ne, ƙafa ne. Ƙafa ya sani, hannu ya bi." Gaskiyarsa. Ranar nan ban saƙa abin da ya kai kamu ɗaya ba, kuma da yamma yaron ya warware shi duka don kada a yi asarar zare. Bayana kuwa sai da ya kwana uku yana tuna mini.

Ga yadda abin yake a zahiri. A cikin mako ɗaya zuwa biyu, mai naci zai iya daidaita taka da jifa har ya fitar da ƙyalle mara ado wanda gefensa ya miƙe. Wannan shi ne abin da matafiyi mai ɗan hutu zai iya samu, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don daga ranar ba za a ƙara yi masa wayo a kasuwar yadi ba. Amma jifan ƙoshiya shi ne mafi sauƙi a sana'ar. Ainihin ilimin yana wurin wadari, wato jera zaren tsaye a kan turaku kafin a fara. A nan ake ƙirga zare nawa ja, nawa fari, nawa baƙi, a nan ake yanke tsawon da zai ishi zani da gyale da gwaggwaro ba ragi ba ƙari. Kuskuren zare biyu a wadari zai bi ƙyallen tun daga farko har ƙarshe, kuma ba za ka gani ba sai an zo haɗawa layuka sun ƙi haɗuwa. Bayan wadari akwai zura zaren ɗaya bayan ɗaya ta cikin igiyoyi da haƙoran matsefi, aikin da ke cin ido da haƙuri. Sai kuma ado, irin mai huji-huji da irin wanda ake ɗora zane a kan saƙar. Waɗannan watanni suke ci, shi ya sa yaran gari suke shekaru a gaban maigida kafin a yaye su, a yi musu abin nan da ake kira firidom.

Saboda haka wanda zai je da niyyar sana'a, ya je da shirin zama. Shawarata ita ce ya fara sauka wurin 'yan uwa Hausawan garin, ya nemi wani dattijo da masaƙan suka sani ya kai shi ya gabatar da shi. Mu da muka zauna da Yarbawa mun san yadda suke girmama wanda aka kawo ta hannun babba, da yadda suke ɗari-ɗari da wanda ya faɗo daga sama da waya a hannu yana ɗaukar hoto. A zauna a yi magana a fili tun ranar farko: wata nawa, nawa za a biya, wa zai sayi zaren koyo, kuma abin da ɗalibi ya saƙa na wane ne. A sa shaidu. Yawancin rigimar maigida da yaronsa daga abin da aka bari a "sai mun gani" take tasowa. Masaƙan Iseyin da yawa Musulmi ne, don haka maganar salla da abinci ba za ta zama damuwa ba. Yarbanci kuwa, ko na gaisuwa da ƙirga ne, dole ne, don da shi za a ƙirga maka zare. Kuma rani ya fi, tunda aikin a fili ake yinsa, ruwa na saukowa sai a naɗe zare a gudu.

Mata ma ƙofa a buɗe take. A da, wannan siririyar masaƙa ta maza ce, mata suna da tasu ta tsaye mai faɗi da ake jinginawa a bango a cikin gida, kamar dai yadda matanmu suke saƙa gwado da majanyi. Yanzu mata da yawa sun shiga saƙar ashoke. Wanda yake zaune a Gabas kuma, Iseyin ta yi masa nisa, akwai Akwete a jihar Abiya, ba nisa da Aba, inda mata suka shahara da saƙar tsaye mai zane-zane. Akwai Okene wurin matan Igbira, akwai kuma Ilori, wadda masaƙanta suka daɗe suna gogayya da na Iseyin, ga shi Hausa ba baƙuwa ba ce a can.

Inda zaren ya tafi

To amma kada wanda ya je ya sa rai zai tarar da tukwanen ruwan toka suna tafasa a kowane gida. Abin da za ka gani a rumfunan yau zaren kamfani ne: auduga, da zaren roba mai santsi, da mai ƙyalƙyali da 'yan biki suke so. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan sanyan a yau auduga ce aka rina ta yi ruwan ƙasa. Masaƙi mai gaskiya zai faɗa maka haka da bakinsa, kuma ban ga laifinsa ba, don abin da mai saye zai iya biya shi yake saƙawa. Dalilan a bayyane suke. Dajin da tsutsar ke rayuwa an sare shi an yi gawayi da gonaki, wanda ya rage a wurare da yawa shigarsa ta zama kasada saboda rashin tsaro, ga feshin maganin ƙwari. Matan da suka iya dafawa da kaɗi sun tsufa, jikokinsu kuma ba wadda za ta yi makonni tana murza mazari a kan kuɗin da ba zai sayi buhun garin kwaki ba. A gefe guda kuma ga yadin inji da ake shigowa da shi daga waje an kwaikwayi zanen ashoke, yana karya farashin na hannun gaba ɗaya.

A nan ne nake ganin ɗan Arewa mazaunin Kudu yana da abin da ɗan gari ba shi da shi. Masaƙin Iseyin yana da gwaninta da kasuwa, amma ba shi da hanyar ƙauyukan da har yanzu ake iya samun jakar tsamiya ko tsohuwar da ta san dafa ta. Mu kuwa kowace sallah muna hanya. Wanda kakarsa ko gwaggonsa ta taɓa kaɗi, ya zauna da ita wannan zuwan ya tambaye ta tsamiya: wace toka ake tatawa, yaya ake gane ta dahu, da me ake shafa hannu saboda ƙaiƙayi. Wannan ɓangaren ba a Iseyin za a koye shi ba, a tsakar gida za a koye shi, kuma masu koyar da shi ba su da yawa. Ba ina cewa akwai wata dukiya da ke jiran mutum ba ne, don zaren ba ya samuwa da yawan da za a ɗora kasuwanci a kansa kaɗai. Amma akwai gidajen sarauta da masu hali da har gobe suke neman na gaske, kuma Sabon Ibadan kanta, tun kafuwarta a 1916, a kan irin wannan take rayuwa: a kawo abin Arewa Kudu, a kai na Kudu Arewa, jiya shanu da goro.

Ga mai saye kuma, wanda zai shiga kasuwar Oje a Ibadan ranar da masaƙa ke kawo kaya, ko za a kawo masa har gida a ce sanyan ne na asali, akwai gwaji mai sauƙi. Ka nemi izini ka zare ɗan zare daga bakin ƙyallen ka sa masa ashana. Siliki yana ƙauri irin na gashin da ya ƙone, wutar ba ta son ci, kuma abin da ya rage baƙin dunƙule ne da ke murƙushewa a yatsa. Auduga tana ci da sauri da warin takarda ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ka gwada zaren tsaye daban, na kwance daban, don sau da yawa ɗaya ne tsamiya ɗaya auduga, kuma farashin ya kamata ya nuna haka. Idan mai kaya ya hana ka zare ko da silin zare ɗaya, ka yi masa godiya ka matsa rumfa ta gaba.